Ƙugiya Ɗaya

Karatunmu na safiyar yau yana cikin Matiyu sura 17, daga aya 24 zuwa 27. Ayoyi huɗu ne kacal, kafin shayi ya huce an gama su. Ka karanta a hankali, ka sa yatsa a wurin, za mu dawo kansu.

Akwai wani dattijo da nake tararwa a bakin Tafkin Jabi duk ranar da na yi sammako na biyo ta can. Mutumin ƙasar Yawuri ne, kamun kifi ya gada kaka da kakanni, amma shekaru sun hana shi tuƙa kwalekwale da jefa birgi, ya bar wa yara. Fatsa ce ta rage masa: siririyar sandar gora, zaren nailan, 'yar dalma, da gwangwanin madara cike da tana. Ƙugiyoyinsa a jikin guntun tsohon silifa yake soke su, a jere daga ƙarama zuwa babba. Kafin ya ɗaura kowace sai ya goga tsininta a farcen babban yatsansa. In ta zame, ta dakushe ke nan, ya ajiye ta gefe. In ta kama farcen, ta yi. In ya yi ƙulli kuma, sai ya jiƙa shi da yawu kafin ya ja ya tsuke, domin busasshen nailan yana cin kansa wurin tsukewa, ba kuwa za ka sani ba sai ranar da babban kifi ya zo.

Wata safiya na ga ya zaɓi wadda ta fi duka ƙanƙanta. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Ga manyan ƙugiyoyi a jere, me ya hana ku ɗaura babba ku kama babba?"

Ya ce, "Yawwa, sannu ɗana. Ai ƙugiya da bakin kifi ake auna ta, ba da cikin mai fatsa ba. Nan wurin karfasa ce ke kiwo. Tarwaɗa sai dare, a can ƙasa, da hanjin kaza."

Yanzu mu tafi Kafarnahum. Garin masunta ne a arewacin gaɓar Tekun Galili, wanda sunansa teku amma tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21. Masu karɓar kuɗin Haikali suka tare Bitrus suna son su ji ko malaminsa yana biya. Wannan ba harajin Romawa ba ne, kuɗin ibada ne, tushensa yana Fitowa 30: rabin shekel a kan kowane namiji daga shekara 20 zuwa sama, a zamanin Yesu kuwa shekara-shekara ake karɓa. Dirhami biyu ke nan, wajen ladan lebura na kwana biyu. Ba wata dukiya ba ce, amma ga mutumin da ya bar jirginsa ya bi malami gari-gari, kuɗi ne. Bitrus ya amsa da i, ya shiga gida. Ubangiji ya riga shi magana, ya nuna masa cewa ɗan sarki ba ya biyan haraji a gidan ubansa, duk da haka za su biya don kada su zama abin tuntuɓe ga mutanen. Sannan ya aike shi bakin ruwa da ƙugiya, ya ce kifin da ya fara fitowa ya buɗe bakinsa, zai tarar da tsabar da za ta isa su biyun. A cikin marubuta bishara huɗu Matiyu kaɗai ya kawo wannan labari. Ba mamaki, tsohon mai karɓar haraji ne, idonsa ba ya wuce irin wannan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙugiyar. Bitrus mutumin taru ne. Duk inda muka gamu da shi yana su a cikin bishara, taru ne a hannunsa. Ranar da aka kira su shi da Andarawas, taru suke jefawa. A Luka 5 taruna ne suka soma kecewa har jirage biyu suka kusa nutsewa. A Yahaya 21 taru ne ya jawo gaɓa da manyan kifaye 153. Amma ƙugiya, daga Matiyu har Yahaya, nan kaɗai ta fito. Bitrus ya riga ya ga yadda Ubangijinsa ke cika jirgi. Da an so, da an maimaita: a cika jirgi, a sayar, a biya kuɗin Haikali, a ajiye saura na wata guda. Ba a yi haka ba. An ɗauki babban masunci, mai jirgi da abokan sana'a, an miƙa masa kayan aikin yara da tsofaffi, aka ce kifi ɗaya.

Masu wa'azi sun saba ɗaukar ƙugiya su kwatanta ta da jarabar Shaiɗan, koto a waje, ƙarfe a ciki. Gaskiya ne, ba ni da ja. Amma a wannan karatun ƙugiyar tana hannun almajiri, Ubangiji ne kuma ya ce ya ɗauke ta.

Mu mazauna Abuja mutanen taru ne. Yawancinmu ba nan aka binne cibiyarmu ba, zuwa muka yi, daga Filato, daga Kudancin Kaduna, daga Wusasa, daga Adamawa, kowa da babban burinsa a ƙirji. Wani kwangila yake jira, wani takardar ɗaukar aiki, wani fili, wani sunansa ya fito a jerin waɗanda za a ƙara wa girma. Addu'armu ma girman taru muke yanka ta. Alhali abin da ke ƙwanƙwasa ƙofa da safen nan rabin shekel ne: cikon kuɗin makarantar yarinya, kuɗin mota daga Mararaba zuwa Sakatariya har wata ya mutu, maganin hawan jinin tsohuwa a gida, ragowar kuɗin hayar da mai gida ya yi haƙuri da shi har sau biyu. Sau da yawa kuwa amsar da ke zuwa girman ƙugiya ce. Maƙwabciya ta ce a koya wa 'ya'yanta lissafi da yamma. Wani ya kawo ɗinki kala biyu. An kira ka gyaran famfo a Kubwa. Sai zuciya ta ce, ni da digirina? Ni da na taɓa riƙe ofis? Na san mutanen kirki, masu tsoron Allah, da suka shekara suna zaman jiran jirgi ya cika, ƙugiya na rataye a ɗakinsu tana tsatsa, iyali na shan wahala. Abin yana ci mini rai. Ban ce a daina babbar addu'a ba, wanda ya aiki Bitrus da ƙugiya shi ne dai ya cika jiragen nan biyu. Amma ba mu muke zaɓar masa wanda zai yi yau ba.

Wane kifi ne ma ya ɗauko tsabar? 'Yan'uwanmu da suka je ziyara ƙasa mai tsarki sun san soyayyen kifin da ake ajiye musu a gidajen abinci na bakin tafkin, ana ce musu kifin Bitrus ne. Karfasa ce. Irinta ma tana nan cikin ruwayenmu, har a Kainji, sunan da masana suka ba ta kuwa yana ɗauke da sunan Galili. Tana ɓoye ƙwanta da 'ya'yanta a baki, shi ya sa labarin tsaba ya zauna mata daidai a tunanin mutane. Sai dai wani masunci na Ein Gev, a gabashin tafkin, mai suna Mendel Nun, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana su yana kuma binciken yadda aka yi sana'ar a zamanin da, bai yarda ba. Hujjarsa ta mai sana'a ce: wannan karfasar ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa take tacewa ta ci, da taru ake kama ta. Wanda ke haɗiye koto a tafkin wani kifi ne mai gashin baki, mai kiwo a ƙasan ruwa, wanda masunta ke ɗana wa ƙugiya da ɗan ƙaramin kifi. Dangin kifin da Turawa ke kira kaf ne, dangin dumin da ke kogunanmu. 'Yan Filato sun san kaf, shi ne aka kawo daga Turai aka zuba a gonar kifi ta Panyam, a ƙasar Mangu, tun cikin shekarun 1950.

Kifin wannan dangi ba shi da haƙora a baki, a maƙogwaro suke. Ba ya cizo, zuƙa yake yi. Ya zuƙo abinci daga laka, ya ɗanɗana, in ya ji abin da bai gamshe shi ba ya furzar kafin ka ƙifta ido. A Ingila, inda ake kama kaf don nishaɗi a auna a mayar da shi ruwa, kifayen sun yi wayo har suka gagari masu fatsa: da sun ji taurin zare ko ƙarfe a jikin koto sai su tofar. A ƙarshen shekarun 1970 wasu mutum biyu, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka zuba kifin a tankin ruwa suka zauna suna kallon yadda yake ci. Daga nan suka daina soke koto a ƙugiya. Suka ɗaure shi da silin gashin mutum, yana reto ɗan nesa kaɗan da ita. Kifi ya zuƙi koto ya ji shi sakayau, ƙugiya tsirara ta biyo baya, yana ƙoƙarin furzarwa ta kama leɓensa na ƙasa. Wannan ɗaurin ya sauya sana'ar gaba ɗaya, yau da zare mai laushi ake yin sa a ko'ina. Abin da ya burge ni a labarin zaman kallon ne. Shi ne dai abin da dattijon Jabi ya gaya mini a taƙaice, ko da yake ko sunan mutanen bai taɓa ji ba.

To, ka sake duba aya ta 27, ka lura da abin da ba a faɗa ba. Ubangiji bai gaya wa Bitrus girman ƙugiyar da zai ɗauka ba. Bai ce ga koton da za a sa ba, ko ga irin ƙullin, ko ga dutsen da zai tsaya a kai, ko zurfin da zai saki dalma. Duk wannan ya bar masa, domin Bitrus ya sani, tun yana yaro yake bakin ruwan nan. Abin da ya fi ƙarfin Bitrus, wato tsabar ta shiga bakin kifi, kifin kuma ya iso daidai wurin a daidai lokacin, shi Ubangiji ya ɗauka wa kansa. Wanda ke cikin ikon Bitrus bai taɓa masa ba.

Mukan juya rabon nan. Mu kwana ba barci muna lissafin yadda tsabar za ta shiga bakin kifi: wa zai yi mini magana da darakta, ta ina kuɗin zai ɓullo, yaushe. Namu aikin kuwa mu bar shi a sake, mu ce bangaskiya ce. Tela ya yi azumi a kan kasuwa amma bai gyara kekensa da ke tsallake zare ba. Mai neman aiki ya yi addu'ar dare, takardunsa na cike da kurakuran da minti goma za su gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasa ƙugiya da jiƙa ƙulli su ma biyayya ce, a wurina ba su gaza durƙuso ba, muddin an yi su domin wanda ya yi aiken.

Tsabar da aka faɗa dirhami huɗu ce. Biyu na Yesu, biyu na Bitrus, babu canji. Na daɗe ina jin wannan kamar ƙaranci, sai daga baya na ga daɗin da ke ciki. Wanda ya gama nuna cewa shi ɗan gida ne, ba a bin sa ko anini, ya sa sunansa a rasit ɗaya da mutumin da ake bi. Bai ce Bitrus ya je ya nemo nasa ba. Ya haɗa bashin ya zama nasu su biyu, tsaba ɗaya ta biya. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar kuɗi aljihu wayam ya san bambancin a tura maka taimako daga nesa da a tsaya kusa da kai a ce namu ne.

Matiyu bai ba mu ƙarshen labarin ba. Bai ce Bitrus ya je ba, bai ce ya kama ba, bai kwatanta fuskar masu karɓar kuɗin ba. Sura 18 ta buɗe da wata magana dabam. Inda aka bar mu shi ne inda kake a yanzu: an yi aike, ƙafa ba ta kai bakin ruwa ba tukuna, gari yana wayewa, motocin Nyanya sun fara lodi.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode da ka tashe mu lafiya. Ka san rabin shekel ɗin da ake bin kowannenmu yau, ka san wanda ya kwana yana juyi saboda shi. Wanda ka miƙa wa ƙaramin aiki da safen nan, ka cire masa kunya, ka ba hannunsa kyau. Ka tuna da masu jiran albashin da ya makara, da gwauraye mata masu biyan haya su kaɗai, da samarin da suka gama bautar ƙasa ba su sami abin yi ba. Ka kiyaye masunta a Jabi, da na Usuma, da na Gurara, ka tsare kwalekwalensu daga iska, ka sa albarka a cinikin matan da ke kasa kifi a kasuwar Kado. Dattijon nan mai fatsa kuma, ka ƙara masa lafiyar ido, kada ya koma gida yau da bokiti wayam. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.