Tassa, Fari da Hasashen da ke Karɓar Gwaji

Hasashe a kimiyya shi ne bayanin da ake bayarwa kan sanadin wani abu kafin a tabbatar da shi, kuma ba ya karɓar gwaji sai ya faɗi tun da farko abin da zai rushe shi in an gani. Wannan ne sharaɗin da masanin falsafa Karl Popper ya gindaya a 1934, domin maganar da ta dace da kowane sakamako, ko damana ta yi albarka ko ta ƙi, ba ta ƙara wa kowa sani ba.

Manomin Bambeye ta ƙasar Adar da ya ce tassa, wato ramukan da ake haƙawa a fako a zuba musu taki don su tare ruwa, tana ƙara hatsi, ya yi maganar da za a iya kamawa. Sai a raba fako ɗaya biyu, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a haƙa ɓangare guda a bar ɗayan, a ƙirga dammuna da kaka. In suka zo daidai, magana ta faɗi. In kuwa ɓangare ɗaya ne kawai ya samu taki, to ba a san ko ramin ne ya yi aiki ko takin ba.

Haka aka yi da tambayar da ta fi wannan nauyi a Adar, wato musabbabin farin 1973 da na 1984. A 1975 masanin yanayi Jule Charney na Amurka ya ce kiwo ya cinye ciyawa, ƙasar da ta tsiraita tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa hadari ba ya haɗuwa. Hasashen yana da daraja don ya buɗe ƙofar a ƙaryata shi, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin ɗumin ruwan tekuna, ba tare da lalacewar ƙasa ba, sai lissafin ya fito da raguwar ruwan Sahel na waɗannan shekarun.

Imanin cewa ruwa a hannun Allah yake ba hasashe ba ne, ba ya kuma neman ma'auni, don haka ba ya karo da wannan bincike. Amma ɗora wa makiyayi laifin fari magana ce ta duniya da ke buƙatar hujja, kuma da aka gwada ta, kaso mafi girma na sanadin ya koma ga teku, lalacewar ƙasa kuwa ta tsananta abin ne kawai.