Kafin ka ɗaure kaya zuwa Galmi

Ɗana, idan ikkilisiyarku ta sa sunanka cikin matasan da za su tafi Nijar aikin mishan na 'yan makonni, madalla. Amma zauna tukuna mu yi magana, don zafin nama kaɗai ba ya kai mutum ya dawo da shi.

Fara da jikinka. Mutum uku suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar kai bishara yankin da a lokacin ake kira Sudan: Rowland Bingham, Walter Gowans da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan tafiyar aka sami ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Su ba su da magungunan da kake da su yau, saboda haka ba ka da hujja. Ka yi allurar shawara, ka riƙe katinta tare da fasfonka, ka sa gidan sauro a jaka. In tafiyar ta faɗo Afrilu ko Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kar gorar ruwa ta bar hannunka.

Hanya kuwa ba ɓoyayya ba ce. Daga Sakkwato sai Illela, ka tsallaka Birnin Ƙonni, ka bi babban titin da ya yi gabas wajen Maraɗi, Galmi na bakin hanya, garin da albasarsa ta yi suna. Sai dai iyakar nan an taɓa rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, dokokinta kuma suna sauyawa, don haka ka tambayi masu masaukinka halin da ake ciki kafin ka bar gida. A shingen jandarma ka gaisa, ka miƙa takarda, ka yi shiru. Kuɗinsu sefa ne, a kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar. Wanda bai san haka ba, shi da ɗan kabu-kabu sai rigima.

Kar jin Hausa ya ruɗe ka ka ɗauka gida kake. Da ɗan gari akan ci gari. In suka ce ba a tafiyar dare, to ba a yi. In suka ce ƙauye kaza ba a zuwa, kar ka ce ai bangaskiya ce za ta kai ka. A 2016 aka sace Jeffery Woodke, Ba'amurke da ya shafe shekaru yana aikin agaji a Abalak, bai sami 'yanci ba sai 2023. Gangancinka ba kai kaɗai zai shafa ba: kai za ka tafi, faston garin da iyalinsa su ne za su zauna da abin da ka bari.

Ga inda matasa suka fi ba ni haushi. Kowa na so a ba shi mumbari, babu mai son tsintsiya. Aikin sa kai shi ne wanda aka nuna maka: tura keken maras lafiya, jera katunan asibiti, wanke bokiti, zama kusa da tsohuwar da ba ta da mai jinya har ta gama shan kununta. In ba ka karanci aikin lafiya ba, kar ka taɓa allura, kar ka raba ƙwaya. In akwai magini a garin, bar masa gininsa, kai ɗauko masa bulo, da wannan aikin yake ciyar da gidansa.

Yawancin waɗanda za ka yi wa hidima Musulmi ne. Ka gaishe su yadda ake gaida manya, in azumi ne ka ci abincinka a ɗaki. Mutumin da ke kwance da ciwo bai zo a yi gardamar addini da shi ba. In ya yarda a yi masa addu'a, yi masa, in ya ƙi, gyara masa filo ka wuce. Wayarka kuma ta zauna a aljihu. Yaron da yunwa ta rame ba abin ɗorawa a Facebook ba ne, uwarsa na kallonka.

Ranar dawowa za a nemi lambarka, wani zai ce kuɗin makaranta, wani kuɗin aiki. Kar ka yi alkawari da baki don kunya. Abin da kake da shi ka damƙa wa shugabannin ikkilisiyar wurin, su suka san wanda ya fi bukata.