Wa Ya Ƙera Jirgin?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin ɗebe kewa da ya daɗe yana ba ni mamaki. Mutum zai sayi akwati cike da siraran katako da zare da ƙyalle da takardar zane, ya zauna wata da watanni yana harhaɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska. In ya gama sai ya ɗora shi a falo, baƙo ya zo ya ce da shi, "Ni na ƙera." To, gaskiya ya faɗa ko kuwa cin gumin wani ya yi?

Bari mu ɗauki Bluenose, wanda masu wannan sha'awa ke yawan kwaikwayo. Jirgin kamun kifi ne da tsere da aka saka a ruwa a garin Lunenburg na Kanada a 1921. William Roué ne ya zana shi, Angus Walters ya tuƙa shi ya yi ta cin tsere har 1938. A 1946 ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa a kusa da Haiti ya halaka, ko da yake tun 1937 hotonsa na kan kwabon santi goma na Kanada. Tsawon gangar jikinsa ƙafa 143 ne. In an rage shi sau 64, kamar yadda wasu kamfanoni ke yi, sai ya dawo ƙafa biyu da 'yan kai.

Mai suka zai ce siffar ta Roué ce, awon na kamfani ne, har haƙarƙarin jirgin ma inji ya yanka. Me ya rage wa mai harhaɗawa in ban da shafa gam? Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba.

Amma mai karatu ya leƙa cikin aikin tukuna. Katakon da ke cikin akwati miƙaƙƙe ne, cikin jirgi kuwa lanƙwasasshe. Dole a jiƙa kowane falle a ruwa ko a turara shi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi sannu a hankali, in an yi garaje ya karye. Kafin nan sai an goge gefen kowane haƙarƙari da sanfefa ya karkata daidai yadda falle zai kwanta a kansa. Wajen goshin jirgi wuri ya matse, saboda haka sai an fiƙe kowane falle, kuma ido ne ke faɗin inda za a tsaya. Kuskure kamar kaurin farce a falle na farko yakan zama giɓi a na ashirin. Shi ya sa mutum biyu za su sayi akwati iri ɗaya, ɗaya ya fito da jirgi, ɗaya ya fito da akushi.

A ganina ke nan yana da haƙƙin cewa "na ƙera", kamar yadda ba mu hana maɗinki sunan ɗinki don ba shi ya saƙa yadin ba. Inda na rabu da shi shi ne in baƙon ya zaci daga gungumen itace ya sassaƙo jirgin, shi kuwa ya lura da zaton, ya yi murmushi, ya sa ƙafa ya ƙara tura akwatin ƙarƙashin kujera.