Jan Gashi Da Hukuncin Mutane

Akwai wata tambaya wadda ta kamata kowane mai hankali ya tsaya ya auna. Shin daidai ne a hukunta mutum a kan abin da ba shi ya zaɓa wa kansa ba? Da baki kowa zai ce ba daidai ba ne. Amma a aikace mutane su kan yi haka sau da yawa, ba su ko lura ba. Launin gashi ƙaramin abu ne, amma ya isa ya nuna yadda al'amarin ya ke.

Ƙasar Bagudo tana gefen yamma na Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da ƙasar Benin, wadda a ke kira Dahomey kafin 1975. A kasuwannin Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya a kan tarar da Hausawa da Fulani da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa, kowa da harshensa, amma kusan dukansu gashinsu baƙi ne. Sabo da haka in aka haifi yaro mai jan gashi, sai ido ya koma kansa. Wani ya ce uwar ta yi yawon dare da ciki, aljanu suka yi mata musanya. Wani ya ce bakin wani ne ya kama gidan. Wanda ya fi muni shi ne mai cewa a binciki matar, gama yaron bai yi kama da ubansa ba. Da irin wannan magana aure ya kan mutu, yaro kuma ya tashi cikin kunya. Kafin a yanke hukunci mai nauyi haka, ya kamata a san inda launi ya ke fitowa.

Rinin da ke cikin jiki

A cikin fatar ɗan Adam akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu kamar na marina ne. Su ke yin rinin da ke ba fata da gashi da ido launi, masana kuwa suna kiran rinin nan melanin. Iri biyu ne, akwai baƙi, akwai ja. Kowane mutum yana da duka biyun, sai dai wani ya rinjayi wani. In baƙin ya yi yawa, gashi ya fito baƙi. In baƙin ya yi kaɗan, jan ya yi yawa, gashi ya fito ja. Baƙin rinin nan ba ado kaɗai ba ne, shi ke tare wa fata ƙunar rana, kamar yadda rumfa ke tare wa mai kasuwa.

Abin da ke gaya wa marinan nan irin rinin da za su yi shi ne ƙwayoyin gado. Suna jere a kan waɗansu zarurruka 46 cikin ƙwayoyin jiki, 23 daga uba, 23 daga uwa. Watau kowace siffa tana da wasiƙa biyu, ɗaya daga kowane gefe. Wata wasiƙar tana da ƙarfi, ko ita kaɗai ce sai an ga aikinta. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ta gamu da 'yar'uwarta.

Wani malamin Kirista mai suna Gregor Mendel shi ya fara auna wannan da lissafi. Ya yi shekaru yana haɗa irin wani wake na Turai a lambu, ya buga abin da ya gani a 1866. Ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, sai 'ya'yan duka suka fito da jan fure, kamar farin ya ɓace. Da ya shuka jikokin, sai farin ya komo, wajen ɗaya cikin huɗu. Ashe farin bai ɓace ba, ɓuya ya yi. Mutane ba su kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya rasu.

Haka jan gashi ya ke. Uba baƙi, uwa baƙa, amma kowannensu yana ɗauke da wasiƙar ja a ɓoye, wadda ya gada daga wani kaka da ba wanda ya tuna da shi. In suka haihu, a kowane ciki akwai rabo ɗaya cikin huɗu yaron ya karɓi wasiƙun biyu, ya fito ja. Kowane ciki da ƙuri'arsa. Mai yiwuwa ne su haifi takwas ba ja ko ɗaya, mai yiwuwa ne kuma su haifi biyu a jere. Auren zumunci ya kan ƙara sauƙin haɗuwar wasiƙun, domin dangi ɗaya su kan ɗauki ɓoyayyen gado iri ɗaya.

Makiyaya sun san wannan tun kafin Mendel. Wanda ya daɗe da kiwon jajayen shanun Rahaji, ko fararen Bunaji, ko jar akuyar Sakkwato, ya san wani lokaci ɗa ya kan fito da launin da ba na uwa ba, ba na uba ba, sai na can baya. A cikin hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito akwai labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, ya kuma ce watakila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi izinin kore yaron ba. Abin da ya yarda da shi a garke, aka ce ya yarda da shi a gida.

Ja ba iri ɗaya ba ne

Jan gashin da aka fi sani a duniya na Turawan arewa ne. Masu shi ba su fi 1 ko 2 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma a ƙasar Ailan sun kai wajen ɗaya cikin goma, a Sikotlan ma suna da yawa. A 1995 masana a Jami'ar Niyukasil ta Ingila suka nuna ƙwayar gadon da ke jawo shi, sunanta MC1R, tana kan zare na 16. In ta yi rauni, marinan jiki su kan bar baƙin rini su koma ja. Masu irin wannan gashi fatarsu fara ce sol, rana ta kan ƙone su da wuri, sun kuma fi sauran Turawa kamuwa da ciwon daji na fata. A Turai ma ba su tsira daga bakin mutane ba. An daɗe ana cewa masu saurin fushi ne, masu zane na zamanin da kuma su kan zana Yahuza, wanda ya ci amanar Annabi Isa a labarin Kirista, da jan gashi. Duk da haka Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, jan gashi gare ta.

A Afirka wannan ƙwaya ba ta cika canzawa ba, gama inda rana ke da ƙarfi baƙin rini garkuwa ne. Jan gashin baƙar fata ya kan fito ta wata hanya, watau ta zabiyanci. Zabiyan da aka fi gani fatarsa fara ce, gashinsa rawaya ko ja-ja, idonsa ya kan yi rawa, ba ya gani sosai daga nesa. Akwai kuma wani iri da ba a cika ganewa ba, wanda za a iya kira jan zabiya. Fatarsa ja ce kamar jan ƙarfe, gashinsa ja, ganinsa kuwa bai cika raunana ba. Ƙwayar da ke jawo shi ana kiranta TYRP1, tana kan zare na 9. Wani masani, N. A. Barnicot, ya yi bincike a kudancin Nijeriya, ya buga bayani a kan zabiya a 1952, a kan jan gashin baƙar fata kuma a 1953. Duka irin biyun gado ne mai ɓuya, sai uba da uwa sun haɗa hannu.

Akwai ja na uku, shi ne abin tsoro, gama ba gado ba ne, yunwa ce. Yaron da aka haifa da baƙin gashi, in aka yaye shi a kan koko tsura, ko ƙyanda ko zawo suka kwantar da shi, gashinsa ya kan koɗe ya yi ja, ya yi laushi, in an ja shi ya tuge ba zafi. Ƙafafunsa su kumbura, ya bar wasa, ya ƙi abinci. Wannan tamowa ce mai tsanani. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ta a ƙasar da a ke kira Gana yanzu a 1933, a 1935 kuma ta sa mata sunan da mutanen Ga ke kiranta da shi, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Gwajinta mai sauƙi ne. A danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali. In rami ya zauna bayan an ɗauke yatsa, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.

Ja ɗaya kaɗai mutum ke zaɓa da kansa, shi ne na lalle, wanda dattijo ke sa wa gemunsa. Abin mamaki, wannan a kan girmama mai shi, wanda aka haifa da nasa kuwa a yi masa dariya.

Laifi da hakki

Laifi ba ya tabbata sai da abu biyu, sani da zaɓi. Ɓarawo ya san kayan ba nasa ba ne, ya kuma zaɓi ya ɗauka. Jaririn da aka haifa ja bai sani ba, bai zaɓa ba. Uwarsa ma ba ta zaɓa ba, ubansa haka. In kuwa wani ya nace sai an sami mai laifi, to, rabin gadon daga uban ya fito. Mijin da ya saki matarsa don ta haifi zabiya ya hukunta ta a kan abin da shi ma yana ɗauke da shi a jikinsa. In ya sake aure ya dace da wata mai ɗauke da shi, abin da ya gudu shi zai tarar.

Wannan magana tana da nauyi musamman a bakin iyaka. A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Amma auratayya ba ta tsaya ba. Har yau a kan kai amarya daga wajen Segbana zuwa Tsamiya, a kan kuma kai wata can. In amaryar da ta zo daga ƙetare ta haifi jan yaro, da sauƙi dangin miji su ce daga wajensu ne, mu ba mu da shi. Ita baƙuwa ce, danginta suna nesa, ba mai tsaya mata. Amma layin da Turawa suka ja a takarda bai raba jini ba, gadon nan yana gabas da iyaka, yana yamma da ita.

Wani zai ce, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in launi gado ne, me zai hana hali ya biyo shi? Amsa ita ce ƙwayoyin nan aikinsu rini ne, ba su ke koya wa mutum gaskiya ko ƙarya ba. Yaron da a ke tsokana kullum a makaranta, in ya zama mafaɗaci, tsokanar ce ta koya masa. Sai masu tsokanar su juyo su ce ga shaida, alhali su suka shuka abin da su ke girba. Salif Keita, mawaƙin Mali, zabiya ne. An haife shi a 1949 a Joliba, a bakin wannan kogi da ya biyo ta Bagudo. Ya sha wulakanci yana yaro, daga baya muryarsa ta zaga duniya.

Wani kuma zai ce, tun da ba laifin kowa ba ne, sai a bar wa Allah, a yi shiru. Wannan ma kuskure ne. Rashin laifi bai ɗauke hakki ba. Zabiya yana da hakki a kan iyayensa su sama masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, su ba shi aikin inuwa, kada su tura shi fadamar shinkafa ko cikin kwalekwale da tsakar rana. In gyambo ya fito masa ya ƙi warkewa, a kai shi ga likita da wuri. Yana da hakki a kan malami ya zaunar da shi gaba kusa da allo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni don tunawa da wannan hakki, an fara kiyaye ta a 2015. Yaron da yunwa ta ja wa gashi kuwa hakkinsa abinci ne. Ƙasar da ke da kifin Kwara da nonon Fulani da wake da gyaɗa bai kamata a sayar da su duka a kasuwa a bar yaron gida da koko ba.

Camfi yana cutar da yaran nan ta fuska biyu. Mai jan gado lafiyarsa lau, amma a ƙyamace shi kamar mai cuta. Mai jan yunwa yana bakin mutuwa, amma a ce iska ce, a yi ta turare har lokaci ya wuce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda ya koyi karatu ya ɗauki nauyin da jahili bai ɗauka ba. In ya ji ana zargin wata mata a unguwa, ya iya gaya wa mijin labarin raƙuman nan da lissafin ɗaya cikin huɗu. In ya ga yaro da jan gashi, sai ya tambaya, da shi aka haife shi, ko daga baya ya koɗe? In da shi aka haife shi, a nema masa inuwa, a hana yara tsokanarsa. In daga baya ne, a duba ƙafafunsa, a nufi asibiti.