Tseren babur a sahara: jarumta ce ko ganganci?

Mai karatu, me za ka kira mutumin da Allah ya rufa wa asiri, lafiyar sa lau, amma ya biya maƙudan kuɗi don ya hau babur ya yi mako biyu ya na ratsa sahara, alhali ya san ana mutuwa a hanyar? Turawa gwarzo su ke ce masa. To amma kai labarin sa majalisar 'yan kabu-kabu a Gulma ka sha dariya. Cewa za su yi ƙoshi ne ya yi masa yawa. Wa ya fi gaskiya a cikin su?

Tseren da na ke nufi shi ne na Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ɓace da babur ɗin sa cikin sahara a 1977, da ƙyar aka ceto shi. Maimakon ya tuba, sai ya ce ai wannan wahalar ta cancanci a gayyato jama'a. Ran 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 su ka tashi daga Paris, su ka bi ta Aljeriya, Agadas, Yamai da Mali, tafiyar kusan kilomita 10,000. Guda 74 kacal su ka isa Dakar, Cyril Neveu ne kan gaba a bisa Yamaha XT500.

Kada mu yi saurin raina su. Mu ma mu na girmama mai juriya. Ɗan dambe da ɗan kokawa ba dole aka yi masu ba, haka masuncin da ke faɗawa Matan Fada da gora da homa ranar bikin kamun kifi na Argungu. A 1987 Hubert Auriol ya karye a idon sawu biyu ana gab da gama tseren, amma ya ci gaba da tuƙi har ƙarshen zangon ranar. Duk wanda ya taɓa yin awa uku a kan babur ya san wannan ba ƙaramar zuciya ba ce. Mutum ya gwada iyakar ƙarfin sa ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne: wa ke biyan kuɗin gwajin? Sabine kan sa ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin tseren 1986. Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya ci tseren a 2001 da 2002, ya faɗi ya mutu a Muritaniya a 2005, ya bar mata da 'ya'ya. Za ka iya cewa su su ka zaɓa, ko da yake rai amana ce, kuma maraya ba a shawarce shi ba. To yara biyu da motocin tseren su ka kashe a 2006 fa, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal? Su wace takarda su ka sa wa hannu?

Nan ne aikin mu na sharhin fim ya shigo. Kyamara ba ta da adalci. A wannan shekarar ta 2006 ɗan wasan Ingila Charley Boorman ya shiga tseren, aka yi shirin Race to Dakar a kan sa, ya ji rauni a hannu ya fita. Mai kallo zai tausaya masa domin shi aka haska. Mutanen ƙauyen da ake wucewa kuwa ƙura ce ke rufe su, kamar 'yan cikon benci da mu ke gani a bayan jarumi a finafinan mu, ba suna, ba magana. Daga nan sai zuciya ta saba da ganin ran wani ya fi na wani.

Duk da haka, a cikin tseren ne na ga amsar da ta gamsar da ni. Bayan an soke na 2008 saboda matsalar tsaro, an mai da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A 2016 Paulo Gonçalves, ɗan Fotugal, shi ke kan gaba lokacin da ya tarar da abokin takarar sa Matthias Walkner kwance da karaya a cinya. Ya tsaya, ya zauna da shi fiye da minti 10. Gonçalves ya rasu a tseren 2020 bai taɓa cin kofin ba, amma wannan tsayuwar ce ake ta tunawa da shi. Haka Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriya, da ya taso daga Landan zuwa Legas a babur a 2022, don tara kuɗin yaƙi da shan-inna ya sha wahalar.

Ka ga ke nan juriya ita kaɗai ba ta mai da mutum jarumi. Jaki ma ya na da ita. Sai an duba wanda aka jure domin sa, da wanda aka taka a hanya.

Da wannan ma'aunin, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mai naƙuda daga Gulma zuwa asibitin Argungu cikin dare da damina, ko ya yini ya na jigilar buhunan shinkafa daga fadama don ya ciyar da gida, ba ya buƙatar kofi. Amma kada ya yi murna tukuna, domin ma'aunin bai bar shi ba. Ranar ɗaurin aure, in ya saki kan babur ya na wasa a tsakiyar yara don 'yan mata su yi guɗa, shi da Baturen da ya ke yi wa dariya duk kanwar ja ce.

Kai ma da ke riƙe da mujallar nan, in ka na da babur, tambayi kan ka: ka taɓa tsayawa don wani alhali ka na sauri? Sai mun haɗu a wata mai zuwa.