Ƙwaryar Furar da Aka Mayar

Shekarun baya, cikin hutun damina, na je gaida wata gwaggota a wani ɗan ƙauye da ke bayan Garo a ƙasar Kabo, inda sai an saki kwalta an bi burji. Na tarar da baƙi a garin. Samari ne da 'yan mata sanye da riguna iri ɗaya, sun zo daga wani cocin Katolika na cikin Kano, sun yi sansani na mako guda a harabar ƙaramin cocin da ke unguwar Hausawa Kiristoci, maƙwabtan su gwaggo. Da sassafe sukan yi addu'arsu, sannan su ɗauki shebur da kwando su fita. Sun yashe magudanar ruwa, sun share makarantar firamare, sun kuma cike wani wawakeken rami da zaizaya ta haƙa a kan hanyar rijiya, wanda ya daɗe yana kayar da mata da tulunansu.

A rana ta uku gwaggo ta dama fura da nono a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗauka da kanta ta kai musu bakin aiki. Shugabansu, wani saurayi mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce: "Inna, mun gode ƙwarai. Mun zo da abincinmu da ruwanmu. Ki bar wa yara, ai mu taimaka muku muka zo yi." Ta ce masa, "To, ɗana, Allah Ya yi albarka." Ta juyo da ƙwaryarta a ka. Da ta shigo gida ta ajiye ta a gindin rumbu, ba ta sha ba, ba ta kuma ba kowa ba. Can da yamma na ji tana cewa, kamar da kanta take magana: "Yanzu da wane ido zan riƙa bin hanyar nan?"

Tun daga ranar wannan tambaya ba ta bar ni ba. An yi wa tsohuwa alheri, an gyara hanyar da take bi kullum, amma ta koma gida da ƙunci. Me ya ɓace a cikin alherin?

Ya kamata in fara da yi wa saurayin adalci. Babu raini a zuciyarsa. Wataƙila an gargaɗe su tun a gida a kan ruwan da ba su saba da shi ba, wataƙila kuma ya dubi lokacin, ya ga tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ya ji nauyin ya ci abincin talaka. Irin wannan fita ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ƙungiyar matasan Katolika ta Najeriya, wadda aka fi sani da CYON, tana da rassa a coci-coci, kuma ziyarar marasa lafiya da fursunoni da aikin tsaftace unguwa suna cikin abin da ake tarbiyyantar da matasan a kai. Yankin cocin Katolika na Kano ya zama cikakkiyar dayosis a 1999, Bishop John Namanza Niyiring ke jagorantarsa tun 2008, kuma cikin mabiyansa akwai Hausawan karkara, jikokin Maguzawa, waɗanda harshensu da tuwonsu da gonarsu duk irin namu ne. Waɗannan matasa sun taso suna jin misalin Basamariyen nan da ya tsaya ya ɗauki wanda 'yan fashi suka jikkata a hanya, alhali ba danginsa ba ne. Abin da aka koya musu suka zo aikatawa.

A dandalin ƙofar mai unguwa kuwa wata tambaya dabam ake yi: "Me suke nema?" Ba sai an ɓoye ba, zargin shi ne aikin share fage ne na jan mutane zuwa addininsu. Wanda ya san tarihin Kano, ya san rikicin Oktoban 1991 da na Mayun 2004 da irin nisan da suka jefa tsakanin maƙwabta, ba zai yi mamakin wannan ɗari-ɗari ba. Shi kansa cocin ya san da matsalar. A wasiƙarsa ta farko ga mabiya, wadda ya sanya wa hannu a ƙarshen 2005, Paparoma Benedict na 16 ya yi gargaɗin kada a mai da aikin jinƙai tarkon farautar mabiya. Ni dai ban ji matasan nan sun yi wa kowa wa'azi ba. Amma daga baya na gane cewa tambayar dandali da tambayar gwaggo jijiyarsu ɗaya. A ƙasar Hausa ba a san mutum ya yini yana yi maka gumi ya tafi bai kurɓi ruwanka ba. Idan ya ƙi abin da ka miƙa masa a fili, dole zuciya ta fara lissafin abin da yake so a ɓoye.

Dubi yadda kakanninmu suka tsara taimako. Idan noma ya fi ƙarfin magidanci sai ya kira gayya. Samari su fito da garemani, makaɗi ya biyo su da gangar noma yana zuga su, kafin azahar an gama abin da zai ɗauke shi mako biyu. Ba a biyan kowa lada, amma mai gona zai fito da fura da tuwo da goro, kuma kowa ya san ranar da aka kira gayya a gonar wani, shi ma zai saɓa garmarsa ya je. Haka mata suke yi da gudummawar biki: abin da kika kawo mini yau yana nan a ƙwaƙwalwata har ranar naki. Ko ɗan aiken da ya kawo kyauta ba a barinsa ya koma hannu rabbana, sai an ba shi tukuici. Hikimar duk wannan ita ce kada a bar wani ya dawwama a matsayin mai karɓa. Yau hannunka ne a ƙasa, gobe nawa, saboda haka babu mai sunkuyar da kai idan mun haɗu a hanya.

Furar gwaggo furar gayya ce. Da ita take son ta ce musu: ku ma'aikatan gayyarmu ne, ni kuma uwar gida ce mai ciyar da ku. Da aka mayar da ƙwaryar, sai aka sauya mata matsayi ba tare da an sani ba, daga mai masauki zuwa abar tausayi.

Wani malamin Katolika, Ivan Illich, wanda ya daɗe yana zaune a Cuernavaca ta ƙasar Meziko, ya kai wannan magana ƙarshenta. A 1968 ya tsaya gaban ɗaliban Amurka masu zuwa ƙauyukan Meziko aikin sa-kai lokacin hutu, ya shawarce su da su daina. A ganinsa, wanda bai iya harshen mutane ba, bai san rayuwarsu ba, kuma zai koma gidansa bayan 'yan makonni, kansa yake yi wa hidima, domin shi ne zai tafi da labari da jin daɗin cewa shi mutumin kirki ne. Ya ce su zo su gani, su koya, amma su ajiye da'awar taimako. Akwai gaskiya mai ɗaci a nan, sai dai ban bi shi har ƙarshe ba. Ramin hanyar rijiya ya cike da gaske, kuma mu 'yan garin da dangin garin mun shekara muna tsallake shi ba mu kira gayya ba. Sannan a jihar da yaro zai iya girma a Sabon Gari bai taɓa kwana a ƙauyen Musulmi ba, ɗan ƙauyen kuma bai taɓa gaisawa da ɗan coci daga birni ba, hana su zuwa asara ce ga kowa.

Mai karatu zai iya cewa: ashe ba mafificin alheri shi ne wanda ba a neman sakamakonsa ba? Haka ne, addinan biyu sun koyar da wannan, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi kashedin ɓata sadaka da gori da cutarwa. Amma rashin neman sakamako aiki ne na zuciyar mai bayarwa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ƙin karɓar kyautar talaka kuwa abu ne da ke sauka a kan talakan. Mutum zai iya tsarkake niyyarsa sarai, ya kuma bar wa wani tabon da ya yi kama da na gori. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana karɓar kyauta yana kuma sakawa a kanta, kuma ba ya raina gayyata ko da a kan ƙafar dabba ce. A cikin Linjila ma, Yesu ne ya fara roƙon Basamariya ruwan sha a bakin rijiya kafin ya ce mata komai, kuma da ya aiki almajiransa garuruwa ya umarce su da su ci abin da aka sa a gabansu. Wanda ya iya cewa "sam mini" ya riga ya amsa cewa shi ma mabuƙaci ne.

Kada mu ɗauka wannan larurar 'yan coci ce kaɗai. Mu tuna rabon abincin azumi, inda ake jera mutane a layi, a miƙa musu leda da hannun dama, hannun hagu na riƙe da waya, kafin magariba hotunansu sun cika Facebook. Mu tuna masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da gwamnatin Gowon ta kafa a 1973, waɗanda ake horarwa nan kusa da mu a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye: wani zai shekara a ƙauye ya gina allon sanarwa da sunansa a jiki, bai taɓa zama a tabarmar kowa ba, wani kuwa bai gina komai ba, amma har yau ana aika masa gaisuwa.

Da za a tambaye ni, da na ce duk ƙungiyar da za ta kai matasa ƙauye, ta coci ce ko ta masallaci, ta fara zama da mai unguwa da liman da dattawan mata ta ji abin da su suke so a yi. Ta nemi samarin garin su fito a yi tare, domin hanyar ta zama tasu. Ta kuma gaya wa yaranta tun a mota cewa karɓa ma aiki ne. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar fura, akwai goro, akwai dafaffiyar gyaɗa, akwai gasasshiyar masara.

Ana gobe za su tafi, wata yarinya daga cikinsu ta yi sallama a gidan gwaggo. Tafin hannunta duk ya yi ƙanta ya fashe saboda shebur. Ta ce, "Inna, ko kina da abin da zan shafa?" Gwaggo ta zaunar da ita a tabarma, ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mata da kanta, tana yi mata faɗan riƙe shebur kamar mai riƙe muciya. Yarinyar ta zauna har aka sauke tuwo, ta ci, ta tafi da ƙullin kuka da daddawa.

Gwaggo ta manta fuskar shugabansu, ta manta ko su nawa ne. Amma duk lokacin da na je daga Kano, bayan ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce: "Ba ka dai ga 'yar nan tawa mai ciwon hannu ba?"