Allurar Korona: Sadaka ce ko Talla?

'Yan'uwa mazauna Sabo, ga tambaya: ƙasar da ta ba mu magani lokacin annoba don neman suna, ta cancanci godiya?

Lokacin korona, Sin da Indiya da Amurka sun yi ta rabon allurar rigakafi, kowa na neman a ce shi ne aminin Afirka. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, ai gyara ake yi wa mai saye don ya dawo gobe. Ni ban ga laifi ba. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, allurar kuma ta kare tsohuwar da aka yi wa, ko da riya aka kawo ta.

Inda nake ja shi ne abin da aka bayar. Tun a Islamiyya aka hana mu fitar da zakka daga ruɓaɓɓen hatsi. To, a Disambar 2021 gwamnati ta lalata allurar AstraZeneca fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin wa'adinta na gab da ƙarewa aka kawo mana. Sai da ƙasashe masu kuɗi suka cika rumbunsu tukuna. An ɗauki hoto a filin jirgi, an yi jawabi, maganin ya ƙare a juji.